Ku Bar Mana Yaran Nan

Akwai wata magana da mutanenmu suke faɗi a ƙarshen ziyara, wadda na shekara sittin da 'yan kai ina jin ta ban taɓa auna nauyinta ba. Idan mutum ya kai iyalinsa gidan ɗan'uwa, an ci an sha, an miƙe za a tafi, sai maigida ko matarsa ta riƙo hannun ƙaramin yaro ta ce, "Ku bar mana yaran nan su kwana biyu mana." Baƙon kuma ya ce, "Sai dai wani jiƙon, akwai makaranta." A yi dariya, a raka su. Kowa ya san amsar tun kafin a yi tayin. Sai dai ladabin yana da sharaɗi: in baƙo ya ce to, an karɓa ke nan, ba a janyewa. A kan wannan magana na gina tafiyar da zan ba da labarinta.

A shekarar da aka katse layukan waya, aka hana hawa babur a Potiskum, an shigo layinmu a Dogo Tebo da hantsi aka kwashe samari da magidanta, har da ɗana, wanda tela ne. Ban san laifinsa ba, ban kuma san inda aka kai shi ba har yau. Matarsa ta riga ta rasu wajen haihuwar ɗansu na biyu, saboda haka 'ya'yansa suka rage a hannuna da na mai ɗakina: yarinya 'yar shekara bakwai da ƙanenta ɗan shekara huɗu.

Yaron yana tsaye a bakin zaure ranar da aka tafi da ubansa. Tun daga nan maganarsa ta fara raguwa. In aka rufe ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado, in kuwa harbi ya tashi daga wajen unguwar Yerimaram sai jikinsa ya sandare. Na yi masa tofi, na yi masa rubutu ya sha. Wani maƙwabcinmu Kirista, ma'aikacin asibiti, ya duba shi ya ce mini, "Baba, ba allura yake so ba. Ku kai shi inda ba ya jin ƙarar nan, tun bakinsa bai rufe gaba ɗaya ba."

Al'adata ce kowace shekara, bayan ƙaramar Sallah, in ɗebi iyali a tsohuwar motata mu zaga dangi da abokai a ƙauyuka. Na ce wa mai ɗakina ta haɗa kayan yaran duka a jakar bakko, mu sa a but ƙarƙashin tsarabar sabulu da sukari, kada su gani.

Ta ce, "Malam, in mun je ka faɗa musu kai tsaye."

Na ce, "Ni zan buɗe baki in roƙi ƙanena, yaron da na goya a bayana? Za su yi tayin da kansu, kamar kullum. Ni dai bana zan ce to."

Ta dube ni, ta ci gaba da ninke kaya.

Mun fita bayan an buɗe hanya da safe, don akwai dokar hana fita. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo, yarinyar kuma tana ƙirga shanu ta taga tana tsokanata. "Tsoho, motar nan taka ko jaki ya fi ta sauri." Na ce, "Amarya, in kin raina mijinki sauka ki hau jakin." A shingen bincike na farko aka sauke mu, muka ɗaga hannuwa, aka ce in buɗe but. Mai binciken ya ture sabulun, ya zuge jakar, ya jawo wata 'yar riga ruwan ɗorawa ya mayar. Yarinyar tana gefena. Da muka koma mota ba ta sake ƙirga shanu ba.

Gidan ƙanena a Nangere muka fara sauka. Ya tarbe ni da "Yaya Malam, sannu da hanya," ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura. Ya tambaye ni ruwan sama, ya tambaye ni ciwon gwiwata, ya ba ni labarin tsutsar da ta shiga wake. Bai ambaci ɗana ba, ni ma ban ambata ba. Da lokacin tafiya ya yi, matarsa ta fito da yaran, ta ba su dafaffen ƙwai a leda. Na tsaya ina jira. Na warware rawanina na sake naɗawa. Na nemi buta, alhali ina da alwala. Na sa takalmi ɗaya na tsaya kamar mai neman ɗayan, ga shi kuwa a gabana. Ta shafa kan yaron ta ce, "Allah ya raya su." Ƙanena ya raka ni zuwa bakin ƙofa, bai taka waje ba. A da har bayan gari yake bin motar a kan kekensa.

A hanya na yi abin da aka horar da ni a kai, na nema masa uzuri. Na ce wa mai ɗakina wataƙila mantuwa ce.

Na biyu shi ne abokin karatuna, wanda muka zauna gaban malami ɗaya muna samari, muna karɓa-karɓa da littafi ɗaya. Da ya hango ni ina fitowa daga mota sai ya yi dariya.

"Allah ya gafarta Malam, har yanzu kai ke tuƙi? Kai da ba ka ganin wasali sai da tabarau biyu?"

Na ce, "Ina ganin hanya dai. Kai fa, an ce yanzu ɗalibai ke tuna maka inda ka tsaya."

Muka zauna a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa. Mun fi sa'a guda muna jayayya a kan nisan da ke halatta wa matafiyi ƙasaru, mas'alar da muka gama da ita tun gemunmu yana baƙi. Yaron yana zaune a jikina, bai ce uffan ba. Abokina ya jawo shi, ya ɗora hannu a kansa, ya yi masa addu'a mai tsawo, har na ga idonsa ya kawo ruwa. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ka ji abin da ake ciki a nan? Duk baƙon da ya kwana, ko jariri ne, sai an kai wa mai unguwa sunansa da sunan ubansa." Ya maimaita a hankali, "Da sunan ubansa."

Na gane ya amsa tambayar da ban yi ba. Ya sa aka ɗaure mana zabbi biyu. Na gode masa, na kuma yaba ƙibarsu.

Saura gida ɗaya. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta haura tamanin, idonta ya dushe, tunaninta yana zuwa yana tafiya. Tana zaune wurin ɗanta, manomi, a wani ƙauye da sai an bar kwalta ake shigarsa. Mun same ta a tsakar gida kan buzu, matan gidan da na maƙwabta suna ɓarar gyaɗa a kewayenta. Ta laluba fuskar yaron ta kira shi da sunan ubansa. Aka ce mata ɗansa ne. Ta ce, "To ina telan? Ya yi mini alkawarin riga tun bara." Ashe ba wanda ya gaya mata. Mai ɗakina ta ce aiki ya yi masa yawa.

Mun yi azahar, mun ci tuwo. Yaron, wanda ban ga ya bar jikinmu ba cikin watanni, ya sauka yana bin 'yan awaki. Na ji ya ce "zo" ga wani ɗan akuya. Kalma ɗaya, amma na ji ta.

Da muka miƙe sallama, Gwaggo ta riƙe hannunsa. Ta faɗa da yaren Karekare, sannan ta maimaita da Hausarta mai nauyi, "Ku bar mana yaran nan su kwana biyu mana."

Na ce, "To, Gwaggo. Mun bar miki."

Hannayen da ke ɓarar gyaɗa suka tsaya. Na fita na nufi mota don in ɗauko jakar. Ɗanta ya biyo ni, kafin in ɗaga murfin but ya ɗora tafinsa a kai.

"Yaya Malam, tsohuwa ce. Ba ta san abin da ake ciki ba."

Na ce, "Ta yi tayi, na amsa. Haka muka gada."

"Ina da samari uku a gidan nan." Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Da ka ja ni gefe tun isowarku ka faɗa mini, da na san yadda zan yi. Surukaina suna can cikin daji, ba mai zuwa wurinsu, da na kai su gobe a ce jikokin matata ne. Amma ka yi a gaban matan unguwa, ita kuma ta yi ta kiran sunan ubansu. Kafin magariba babu gidan da bai san 'ya'yan wane ne ba. Yanzu ko can na kai su, labarin zai riga ni."

Na tsaya riƙe da makulli. Ina da hujjoji a kan haƙƙin zumunta da haƙƙin maraya waɗanda zan iya jerowa har rana ta faɗi, ban sami ko ɗaya da za ta amfane ni ba, domin gaskiya ya faɗa.

Yarinyar ce ta fito tana jan ƙanenta, yana waiwayen awakin. Ta ce, "Kaka, mu tafi, kada dokar hana fita ta same mu a hanya." Daga cikin gida ina jin Gwaggo tana tambayar ina za a kai su, wata tana ce mata za su dawo.

Mun yi la'asar a gefen titi. Da muka doshi shingen ƙarshe, yarinyar ta matso bayan kujerata ta ce a hankali, don kada ƙanenta ya ji, "Tsoho, ni na ga rigata tun da safe. Kada ka damu, ban gaya masa ba." Mai ɗakina ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ba ta buɗe ba har ƙofar gida.

Na shekara arba'in ina karantar da cewa mai buƙata ba ya ƙasƙanta don ya bayyana buƙatarsa ga ɗan'uwansa. Da abin ya zo kaina, na sa wa girman kaina suna kunya, na jira ladabi ya yi mini aikin da harshena ya kamata ya yi. Ina roƙon Allah gafara a kan wannan a kowace sujada, ban kuma san ko ƙanena da na tambaye shi da zai ƙi ba. Ban ba shi damar ƙi ko yarda ba.

Harbin ya ci gaba har bayan kaka. Kafin babbar Sallah ta wuce, yaron ya daina magana gaba ɗaya. Yanzu ya zama saurayi, yana zaune a kan keken ɗinkin ubansa, aikinsa yana da kyau, masu kawo ɗinki suna nuna masa da hannu. "Zo" ɗin nan da ya ce wa ɗan akuya tana cikin kalmomi na ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Wata uku bayan tafiyar, wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni daga wani gari na gabas da mu, inda abin ya fi namu muni. Ya zo da matarsa da yara uku, da wata jaka da ya bari a cikin keke mai ƙafa uku da ya kawo su. Da suka tashi tafiya ya tsaya a zaurena yana gyara hula. Ya nemi buta. Ya sa takalmi ɗaya ya tsaya. Na san abin da yake jira, babu wanda ya fi ni sani a duk Potiskum. Na tuna gidana gidan wanda aka kama ne, na tuna ana iya dawowa layinmu kowace safiya. Na shafa kan ƙaramin na ce, "Allah ya raya su." Na raka shi zuwa bakin ƙofa.