Gwiwar Malam Aƙilu Mai Huɗa

Shekara talatin Malam Aƙilu ya yi yana huɗa da shanu a Dayi, kafin wani sa ya harbe shi a daminar 2019, ƙoƙon gwiwarsa ya tsage. Aka yi masa tiyata, aka ɗaure ƙashin da waya. Likita ya ce ya riƙa lanƙwasa ƙafar, amma shi ƙa'idar masu ɗori ya sani: ba a motsa karaya.

"Malam, ka bi maganar likita," in ji matarsa Hajo.

Ya ce, "Shi ya taɓa karyewa ne?"

Wata uku ya kwanta. Ƙashi ya haɗe, gwiwa kuwa ta sandare. Tun daga nan garmarsa ke jingine a zaure.