Daga Katangar Uwata

Onofrio Cincotta ya rasu a watan Yuli cikin tsananin sanyi, kuma a coci aka yi ta cewa mutum ne mai haƙuri. Ba haka ba ne. Na yi shekara talatin da wani abu rumfata tana jingine da tasa a kasuwar abinci a Melbourne ta ƙasar Ostiraliya, ni ina sayar da cuku, shi yana sayar da kyappari, ban kuwa taɓa ganin mai saurin fushi kamarsa ba. Abin da yake da shi gaskiya ce. Nofrio, yadda muke kiransa, ba ya ƙarya a sikeli, ba ya yi a baki, kuma da wannan yake taƙama fiye da komai.

Tsibiri ɗaya muka fito, Salina. Ni ina ƙarama aka kawo ni, shi kuwa ya zo da gemunsa, da mata da jaririya. Gonar uwarsa, mai hawa-hawa a jikin dutse, ya bar ta amana a hannun Gaspare, mutumin da ya riƙe 'yarsa Lidia ranar baftisma. Wanda ya riƙe maka ɗa ya zama kumparinka, kuma a wurinmu kumpari ya wuce ɗan'uwa. Ɗan'uwa kana iya buɗe buhunsa ka duba. Abin da kumpari ya auna ba a sake aunawa, abin da ya faɗa ba a ce masa ya maimaita.

Kyappari fure ne mai tsirowa a jikin katangun gona, ana tsinkarsa tun yana dunƙule, ɗaya bayan ɗaya, da asuba kafin rana ta buɗe shi, a zuba shi cikin gishirin teku ana juyawa har ɗacinsa ya fita. Duk shekara Gaspare yakan cika ganguna ya sa a jirgin ruwa, Nofrio ya je tasha ya yi ta cacar baki da masu binciken kaya har ya fito da su. A saman rumfarsa ya kafa allo ya rubuta da fenti: Daga katangar uwata.

Da farko mutanen nan ba su san abin ba. Wata mata ta saya ta zuba a abinci yadda yake, washegari ta dawo tana faɗa. Nofrio ya ce mata, "Madam, cewa na yi ki jiƙa ki wanke, ban ce ki ciyar da mijinki teku ba." Ta yi dariya, ta zama mai zuwa kullum. Daga baya har masu dafa abinci na manyan gidajen cin abinci suka riƙa yi masa layi. Wanda duk ya tambaye shi na kwalba, mai ruwan tsami, sai ya ce shi ba ya sayar da gawa.

Wata shekara na ɗebi na sabuwar ganga na yi kwaɗon dankali da tumatir, na ji ba shi ba ne. Ya yi tauri, ƙamshin ya tafi, gishiri kawai ya rage. Ni ba na ajiye magana, da safe na gaya masa. Ya ce cukun Ostiraliya ya kashe mini baki. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya wanke ya jefa a baki, ya rufe ido, ya ce wannan na hawa na biyu ne a gonar, kusa da rijiyar ruwan sama, yana jin ƙasar wurin a harshensa. Sannan ya ce in zage shi in ina so, amma kada in sake sa kumparinsa a bakina. Bai ƙara gaishe ni ba sai da Ista ta zo. Na ja bakina, ba kumparina ba ne.

Aka yi shekara ashirin ko fiye a haka. Bayan matarsa ta rasu, Lidia ta saya masa tikiti ya je ya ga gida. Bai gaya wa Gaspare ba, wai yana so ya ga fuskarsa in ya faɗo masa ba zato.

Ya dawo kafin lokacinsa. Na same shi a bayan rumfa zaune a kan ganga, ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Gonar babu ita. Ɗakunan baƙi ne a wurin da tafkin wanka, wata Bajamushiya tana shan rana daidai inda rijiyar take a da. Gaspare ya daɗe da bayar da filin haya ga masu otal. A rumbunsa kuma Nofrio ya tarar da gangunan roba shuɗɗa da rubutun Larabci a jiki, kyapparin Maroko ana juye shi cikin gangunan da za a aiko Melbourne, ana barbaɗa masa gishirin tsibiri a sama.

Na tambaye shi me Gaspare ya ce. Ya ce ko kunya bai ji ba, ya rungume shi ya ja masa kujera. Wai wa zai tsinka, matan da suke fita da asuba sun mutu, 'ya'yansu suna gyaran gado a otal. Sannan ya ƙara da cewa, "Kumpari, ba kai ne kake buga mini waya duk shekara kana cewa na bana ya fi na bara ba?"

A ranar ya sauke allon. Duk wanda ya zo sai ya tsayar da shi ya gaya masa cewa ya yi shekaru yana sayar masa da ƙarya, ba da saninsa ba. Yana jiran su yi fushi, babu wanda ya yi. Suka ce ai da daɗi, a auna musu kamar kullum. Wani mai gidan abinci har roƙonsa ya yi ya mayar da allon, don ya riga ya saba gaya wa baƙinsa labarin uwar. Nofrio ya kore shi da ludayi a hannu.

Ashe ya zo da 'yar kwalba. A tsagar katangar otal ɗin ya ga tsiro ɗaya da ya tsira, ya riƙa fita da asuba yana tsinka, ya sa gishiri da hannunsa, ya kuma nuna wa masu bincike a filin jirgi suka bar shi ya wuce. Da ya yi, wata Asabar bayan an tashi kasuwa ya jiƙa kaɗan, ya yanka burodi, ya kira ni.

Na sa a baki na ji ƙamshin kicin ɗin uwata. Na ce masa wannan shi ne.

Shi ya daɗe yana taunawa, sai ya tofar a tafin hannunsa. Ya ce ya yi ƙarfi, yana hawa hanci, ba ya so. Ya ɗauki na ganga ya ci, ya ce wannan ne ya yi masa daidai. Sai ya dubi tafin hannun.

"Gonar na bar wa Gaspare, Venera," in ji shi. "Amma harshena fa? Shi ma ya haɗa da shi."

Ya turo mini kwalbar ya ce in ci, ni da nake da baki. Ya sayar da ragowar gangunan, in an tambaye shi daga ina sai ya ce daga jirgi. Da suka ƙare bai sake odar ko ɗaya ba, ya koma zaitun da busasshen tumatir har ƙafafunsa suka gaza. Ko zaitun ɗin bai taɓa ce wa kowa mai kyau ne ba. Sai ya miƙa cokali ya ce mutum ya ɗanɗana da kansa, shi bai sani ba.