Gayyar da Muka Yi wa Malamin Kemistiri

Muna gab da shiga ajin ƙarshe a sakandaren garinmu aka turo mana malamin kemistiri, bayan mun daɗe ba mu da kowa. Ni kuwa makarantar koyon aikin lafiya nake hari, kuma ba a shiga sai da kemistiri. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari: a ba ka giram kaza na gishiri a ce mol nawa ne, ko a ba ka mol a ce ka mayar da shi giram.

Malam ya zo da fara'a, har gida ya je ya gai da Baba. Mai unguwa ya ba shi aron gona a bayan makaranta, abin da ko ɗan gari ba ya samu a wajenmu. Sai Malam ya ce da mu, “Ku yi mini gayya, ni kuma in riƙa zama da ku bayan an tashi, har mol ya zama muku kamar shan ruwa.” Wa zai ƙi?

Muka yi shuka, muka yi noman fari, muka yi maimai. Ranar Asabar nakan bar Baba shi kaɗai a tamu gonar da ciwon bayansa. Bai taɓa hana ni ba. “Je ka, ilimi ne,” abin da yake cewa ke nan.

Darasin kuwa ya tsaya wuri ɗaya. Malam ya koya mana haɗa nauyin atam mu fitar da nauyin mol guda. Ruwa sha takwas. Gishiri hamsin da takwas da rabi. Takin yuriya sittin. Duk ranar da na ce, “Malam, to in giram aka ba mu fa?” sai ya yi dariya ya ce, “Kai ka cika gaggawa. Bari mu kai amfani gida tukuna.”

Gero ya yi kyau. Muka girbe, muka ɗaure. Wata Juma'a akori-kura ta tsaya a bakin gonar, Malam ya ce zai kai geron ajiya wajen ƙanensa a birni. Mu muka loda. Ni na hau sama na ja igiya, har ina tsokanarsa ya sayo mana tsaraba.

Ranar Litinin babu Malam. Da muka tambayi firinsifal, sai ya dube mu da mamaki. “Bai gaya muku ba? Ai tun kafin ruwan shuka ya san zai koma birni. Shi ya roƙa a bar shi sai kaka.”

Wallahi ba a taɓa cin amanata kamar haka ba. Malamai da yawa sun tafi, ban riƙe su a rai ba. Dariyar nan ce ke ƙona ni har yau. Ya san abin da nake tambaya bai wuce aikin yamma ɗaya ba, ya riƙe shi don kada mu daina zuwa gona.

Ba a turo wani ba. A jarrabawa aka ba mu giram ɗin gishiri, aka ce mu fitar da mol. Na rubuta hamsin da takwas da rabi. Na raba, na goge, na ninka, na goge, har takardar ta huje.

Da na dawo gida na tarar da Baba a bakin rumbu yana leƙen ɗan abin da ya rage. Ya ɗago ya ce, “Abin da Malam ya koya muku ya fito?”

Na ce masa ya fito.