Ranar da Na Bi Inna har Argungu

Iyayena daga kudu suka zo Birnin Kebbi kasuwanci, amma ni a nan aka yanke cibiyata, a nan kuma na yi aure. Mun zauna a Badariya, katanga ɗaya da gidan wata dattijuwa musulma, sa'ar mahaifiyata, da nake kira Inna. Ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari.

A bayan ɗakinmu ina da ɗan lambu na ugu, ganyen miyar mutanen kudu, irin da mahaifiyata ta kawo mini daga garinsu. Safe da yamma nake ba shi ruwa. Wata Juma'a na dawo daga kasuwa na tarar da akuyar Inna a ciki, ta cinye shi tas, sai sanduna a tsaye. Idona ya rufe. Na jawo akuyar har ƙofar gidansu, a gaban mata masu ɗibar ruwa na ce, "Inna, duk shekarunki ba ki iya ɗaure akuya ɗaya ba?"

Ta dube ni, ta karɓi igiyar. "Allah shi ba ki haƙuri, ɗiyata," kawai ta ce, ta shige.

A cocinmu ni ce mai wanke ƙananan kofunan Jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da muke ci tare don tunawa da Almasihu, kuma Lahadin nan ne za a ci. Ranar Asabar na zauna ina goge su ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, amma fuskar Inna ta ƙi barin idona. Tun ina yarinya ake koya mana cewa in kana shirin kusantar Allah ka tuna ka ɓata wa wani, sai ka fara zuwa ka shirya da shi. Na sha koya wa matan zumuntar cocinmu wannan da bakina.

Da safe na ɗaura zanin zumunta, na miƙa wa maigidana kwandon kofuna. "Ka kai su, ina tafe. Zan leƙa wurin Inna."

"Ki bari mana sai an tashi sujada."

"Da wane baki zan ci jibin?"

Ya ɗaure kwandon a bayan babur.

Matar ɗan Inna ce ta amsa sallamata. Ta ce ai tun asuba Inna ta wuce Argungu, ana cirar albasa a gonar ƙanenta, sai ta yi mako. Na tsaya a zaure, wata zuciya tana ce mini, to ai kin zo, Allah ya gani, je ki coci. Har na kama hanya. A bakin titi na tsayar da Keke Napep, direba ya ce ina zuwa, sai na ji bakina ya ce, "Tasha."

Kafin rana ta yi zafi ina Argungu. Na yi ta tambaya har wani mai babur ya gane gonar, ya sauke ni a bakin fadama. Sauran tafiyar da ƙafa na yi ta, da takalmin coci mai tsini, yana nutsewa a laka ina zaro shi. Daga ƙarshe na cire na riƙe a hannu.

Inna na zaune ƙarƙashin mangwaro tare da wasu mata, suna yanke ganyen albasa. Da ta hango ni ta miƙe a razane. "Subhanallahi! Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna." Na durƙusa a kan ɓawon albasa. "Na zo ki yafe mini maganar da na gaya miki shekaranjiya. A gaban mutane na ci mutuncinki, shi ya sa nake roƙonki a gaban mutane."

Ta riƙe haɓa. "Don wagga magana kika yo tun daga Birnin Kebbi? Yau ba ranar sujadarku ba ta?"

"Ita ce. Na kasa shiga ne."

Sai ta fashe da dariya, hawaye na zubo mata, ta ɗago ni ta rungume. "Na yahe, ɗiyata, duniya da lahira. Amma wallahi ta yi mini zahi. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ni ma ki yahe mini ɓarnar akuya."

Matan suka ɗauki guɗa kamar an kawo amarya. Ƙanen Inna ya aika bakin gulbi aka kawo tarwaɗa ɗanya, aka yi miya a nan gona, muka ci da tuwon shinkafa a kwano ɗaya. Inna ta ci, ta ƙara. Aka ba ni wuƙa, na zauna da zanin zumuntata ina yankan ganye. Suka ce in yi musu waƙar da muke yi a coci, na rera musu ta godiya, suna tafa mini.

Da la'asar suka saka ni a mota da rabin buhun albasa. Na iso gida ƙafafu duk laka, maigida na zaune a ƙofa yana jira. Na ba shi labari tun daga farko, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce fasto ya tambaye ni sau biyu, ya rasa abin da zai ce masa.

"Gobe ni zan je in gaya masa da kaina," na ce. "Yanzu dai tashi ka kama mini buhun nan, mu raba wa maƙwabta tun kafin magariba."