Kifin Kawu

Kawuna mai hoto ne. Tun kafin a haife ni yake tsaye a tsohon lambun tsakiyar gari da kyamara a wuya, ga baki, ko ka zo a murtuke sai ya sa ka dariya. A lambun akwai kwamin ruwa na dutse da ya daɗe da ƙafewa, ba mai son hoto a gabansa. Sai Kawu ya sa mai fenti ya zana masa labule: kwamin cike da ruwa, ga ƙaton kifi yana feshi ta baki. Kifin nan ƙirƙira ce zalla. Amma hoton baƙi da fari ne, wa zai gane labule?

Bara aka tashi raya lambun, za a kewaye shi da gidajen tarihi. Aka bi gida-gida neman tsofaffin hotuna, ko'ina sai kifi. Wata mai zanen gini ta zo har ɗakin Kawu, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ku ne tarihin wurin nan. Yaushe aka cire kifin?"

Labulen yana naɗe ƙarƙashin gadon da yake zaune. Na buɗe baki, ya harare ni. Rabon da wani ya durƙusa masa har ya manta.

"An daɗe, 'yata," in ji shi.

Magana zarar bunu. Aka fasa tsohon kwamin, wai bai dace da hoto ba, aka gina sabo da kifin tagulla.

Ranar buɗewa aka zaunar da shi a gaba, ana tafi. Wata tsohuwa ta zo gabansa tana hawaye. "Wallahi haka yake sak! Nan ka ɗauke mu da marigayi." Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ko kai bai ɗaga ba.

Da aka watse ya ja ni bayan katanga inda aka jibge ɓaraguzai, ya tono wani guntun dutse mai zanen ganye.

"Wannan ne na gaske. Duk rayuwata labule nake rufa masa."

"Kawu, gobe mu je mu faɗa musu."

"Mu faɗa, su mayar da me?"

Ya sa dutsen a aljihu. Yanzu in zai je asibiti sai ya zagaya ta doguwar hanya, da ciwon gwiwarsa, don kada ya ratsa lambun.