Juyen Mai a Ƙofar Gidan Baffa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, mahaifina Baffa kuma Bafulatani ne na gidi, irin waɗanda ko Hausa suke yi sai ka ji Fulatanci na leƙowa ta ƙarƙashinta. Wanda ya zauna da Fulani ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Ƙannena yana kiransu, yana zama da su a tabarma ɗaya, autarmu ma har hannu takan sa a kwanonsa. Ni kuwa "wancan" ne, ko "yaron nan", har yau da furfura ta fara fito mini a gemu. In yana da magana da ni, Goggo yake gaya wa, wato ƙanwarsa da ta raine ni, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Ita ke kawo mini saƙon, ta ƙara masa gishiri da barkono irin nata. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, shi ma haka ubansa ya yi masa. In na je gaishe shi a gidansa da ke unguwar Jekadafari nakan durƙusa a bakin zaure, ya amsa yana kallon gefe, in tashi. Gaisuwar ba ta kai tsawon shan ruwa.

Wuri ɗaya ne wannan doka ba ta kai ba, shi ne ƙarƙashin mota.

Baffa ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar gwamnati. Ni kuma hatsi nake sayarwa, masara da wake, ina da shago kusa da Kasuwar Gombe. Lokacin da na sayi a-kori-kurata ta farko, wata tsohuwa ta hannu da ta ga jiya ta ga yau, sai ya aiko Goggo ta ce in kai masa ita ranar Asabar ya duba. Na kai. Ya fito da tsohuwar rigar aikinsa, ya shimfiɗa kwali a kan yashi, ya shige ƙarƙashinta, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na sa masa sufana a hannu. Ya kwance noti, baƙin mai ya zubo cikin daro, ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya sansana, sannan ya ce wa motar an zalunce ta.

Daga ranar, Asabar ɗin farkon kowane wata ta zama ranar juye. Ka'idarsa ce, kuma ba a ja da ita: man inji a ƙasar nan wata ɗaya ne, domin yashin Gombe da zafinta ba sa barin mai ya tsufa da mutuncinsa. Ga waccan tsohuwar kam gaskiya ya faɗa, don shan mai take kamar rijiya.

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne yadda nake ɗokin wannan Asabar. Muddin kansa na ƙarƙashin inji, Baffa mutum ne mai hira. Ba da ni yake yi ba, a'a, da motar yake yi. Yakan ba ta labarin hanyar Biu kafin a gyara ta, da yadda ya taɓa kwana a bakin gada da wani babban ma'aikaci mai tsoron kura. A can na ji yadda ya fara ganin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana tallan nono a tasha, ya sayi ƙwarya guda alhali yana azumin nafila. Ni ma in ina da damuwa, ko ta kasuwa ko ta gida, tayar motar nake gaya wa, amsa kuma ta fito daga ƙarƙashin mota. In an gama, Goggo ta aiko da fura a ƙwarya ɗaya da ludayi biyu, mu ɗora a kan bonet mu sha a tsaye, kowa na kallon titi. Mun yi shekaru a haka.

Sai wata shekara wake ya yi albarka, ya kuma yi kuɗi. Na sayar da tsohuwar, na haɗa da abin da na tara, na sayi sabuwar a-kori-kura dal, kujerunta a leda. Saurayin da ya miƙa mini makulli a wurin masu sayarwa ya ja ni gefe ya ce, "Oga, wannan injin zamani ne. Ba ruwanta da juyen wata-wata. Littafinta ya ce sai ta yi wata shida, ko ta ci kilomitocin da aka rubuta. Kuma mu za ka kawo wa sabis. In wani na bakin titi ya taɓa ta, garanti ya tashi."

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina da wani hali da matata ta gaji da yi mini faɗa a kai: in na san abu, sai kowa ya san na sani.

Na wuce da ita Jekadafari don Baffa ya sa albarka. Maƙwabta suka fito, yara suka kewaye ta. Baffa ya zagaya ta a hankali, ya yi addu'a ya tofa, sannan ya buɗe bonet. Ya daɗe yana kallon injin da aka rufe da baƙar roba, babu ko ɗigon mai a jikinsa. Sai ya juya wajen Goggo da ke tsaye a bakin zaure.

"A gaya masa sabon inji yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe. Ya kawo ta farkon wata a juye man."

Da na yi shiru, da na ce to, da babu abin da zai ragu a jikina. Amma sai na zaro littafin motar na ɗaga shi sama, ina fuskantar Goggo, muryata kuwa har ta kai gidan da ke kallon namu. Na ce ta gaya wa Baffa wannan ba irin motocin zamaninsu ba ce. Na ce wata shida ake yi, kuma kamfani ne ke yi, da na'ura, ba a kan kwali ba. Har da cewa ai yanzu ya huta. Wani maƙwabci ya gyaɗa kai ya ce zamani riga ne, na ji kaina ya ƙara girma.

Baffa ya juya wajen motar. Ya sauke bonet a hankali, ya ga yatsunsa sun bar shaida a kan fenti, ya sa bakin rigarsa ya goge.

Farkon wata ya zo, Goggo ta kira ni a waya ta ce Baffanka yana tambaya ko motar ba ta isa juye ba. Na sake yi mata karatun littafi. Wata na gaba ta sake kira, na sake yi. A na uku har dariya na yi, na ce wa matata sabo turken wawa, tsohon nan ya kasa yarda duniya ta ci gaba. Ban daina zuwa gaisuwa ba, duk Juma'a ina durƙusawa a bakin zaure kamar kullum, don haka a ganina ban rage masa komai ba. Na ma ɗauka alheri na yi masa, mutumin da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala ko a sahun salla. Da wata shida ya cika na kai ta wurin masu ita, na zauna a ɗaki mai sanyi ina kallon talabijin har aka gama.

Bayan haka da kamar mako biyu, ina shago ana auna wake, sai ga Goggo da kanta ta sauko daga keke mai ƙafa uku. Goggo ba ta zuwa kasuwa. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ta ƙi kujerar da na ba ta, ta zauna a kan buhu.

"Kai dai an kai ka makaranta, amma wayo a gida ka baro shi," in ji ta. "Ka san abin da Baffanka yake yi duk Asabar ɗin farkon wata?"

Na ce ban sani ba.

"Yakan sa rigar nan tasa mai maiƙo, ya share ƙofar gida, ya jingina kwali da bango, ya zauna a benci har a kira azahar. Sannan ya shiga ya tuɓe. Bai taɓa cewa komai ba. Ni ce nake dama furar mutum biyu, in ƙare da raba wa yaran maƙwabta. Kana tsammani mai ne ya dame shi? A ina kuma zai gan ka ya yi maka magana, a bakin zaure?"

Na rasa inda zan sa idona. Kunya ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Ni da na fi kowa sanin daɗin wannan Asabar, ni ne na yanka ta da hannuna, kuma ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ko shi ma yana ɗokinta ba. Na ɗauka ni kaɗai ke ƙaruwa, shi aiki kawai yake yi.

Gaggawar mai laifi ta ɗebe ni. Ban jira komai ba, Asabar ɗin da ta biyo na sayi galan na mai da sabuwar filta na nufi Jekadafari, na ce garanti ya daɗe bai tashi ba. Goggo ta gan ni ta washe baki, ta shige ciki tana cewa wancan ya kawo mota. Jim kaɗan Baffa ya fito da rigar aiki. Ya shimfiɗa kwali. Durƙusawar kawai ta ɗauke shi lokaci, sai da ya dafa taya ya sauke gwiwa ɗaya, ya huta, sannan ya sauke ɗayar. Na miƙa hannu zan tallafe shi, ya yi kamar bai gani ba. Ya shige ƙarƙashi, ya miƙo hannu, na sa masa sufana. Zuciyata ta yi sanyi, na ce shi ke nan, an gyara.

Na tura daro. Na ji noti ya saki. Mai ya fara zuba, sai kuma ya tsaya, don ya toshe ramin da babban yatsa ya mayar da notin ya ɗaure. Na sunkuya na leƙa. Ɗan abin da ya zuba a daron garau yake kamar zuma. Mako biyu kacal da juye, me zai sa ya yi baƙi? Ni da dabarata ban yi wannan tunanin ba. Na zo in yaudari mutumin da ya shekara arba'in yana karanta mai da yatsunsa.

Ya daɗe a kwance a wurin yana murza man, bai ba motar labarin komai ba. Na so in gaya wa taya wata magana, ko da ta kasuwa ce, amma na ƙare da kallon daron. Daga bisani ya jawo jikinsa waje, ya dafa ƙofar motar ya miƙe da ƙyar. Goggo ta riga ta ɗora fura a kan bonet. Ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ta.

"Man nan bai yi aikin komai ba. Zubar da shi almubazzaranci ne, Allah ba ya so. Ki gaya masa littafinsa ya yi gaskiya. Ya mayar da galan ɗin. Kuma kada ya ƙara wahalar da kansa saboda tsoho."

Ya naɗe kwalinsa ya shiga gida.

Na sha cin gardama a rayuwata, a kasuwa da majalisa, amma ban taɓa cin wadda ta yi mini ɗaci kamar wannan ba. Da farko na kunyata shi da littafi a gaban maƙwabta. Da na zo gyara kuma sai na zo masa da sadaka, shi kuwa Baffa yunwa ta fi masa sauƙi a kan a ji tausayinsa. Goggo ta ɗauki ƙwaryar, ta ce mini da na bari man ya yi baƙi tukuna. Na ce mata da na sani. Ta ce ai ita ƙeya ce.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na yi ta aiki da motar, Dukku, Kumo, Bajoga, duk inda aka ce akwai kaya ni ne a gaba. Kowace safiya nakan zare sandar gwada mai in goga a farin ƙyalle, ina murna in na ga ya ƙara duhu. Motar kuwa ko tari ba ta taɓa yi ba, saurayin nan bai yi mini ƙarya ba. Da lokacin juye ya yi na gaskiya, man ya yi baƙi yadda ko makaho zai shaida, na kira Goggo na ce ta gaya wa Baffa motar ta isa juye, zan kawo ta Asabar.

Da yamma ta kira ni. Muryarta babu wasan da ta saba.

"Ya ce a kai wa masu ita, kada garanti ya lalace."

Na kai musu. Yaransu masu hanzari ne, kafin in gama shan ruwan da aka kawo mini sun juye, sun wanke ta, sun miƙo makulli. Tun da hantsi na fito titi, motar na sheƙi, ga Asabar guda a gabana, ban san inda zan kai ta ba.