Ranar da Na Dangwala wa Kwamfuta Tawada

Shekarun baya na tafka wata wauta da har yau 'yan majalisarmu a Mafara ba su bar ni na sha ruwa ba: na dangwala wa kwamfuta tawada.

Ɗiyata ce ta bar mana ita, irin ta ɗorawa a cinya, da aiki ya kai su Ilori ita da mijinta, don mu riƙa ganin juna. Ta koya mata yatsana, ina azawa sai ta buɗe. Ni da na gudu daga aji biyu, har abokai nake kira su zo kallo.

Sai ɗiyar tawa ta haihu. Hanya ba daɗi lokacin, ba mu samu zuwa suna ba, aka ce za a nuna mana jaririyar ta kwamfuta. Da hantsi na dawo daga gonar albasa, na buɗe lafiya lau. Ina taɓa wurin kira, wani ɗan akwati ya fito da Turanci da hoton yatsa. Na aza, ya ƙi. Na goge a riga, na yi bisimilla, ya ƙi. Na ce to, wannan hukuma ce, kuma tun da nake ban taɓa dangwala wa hukuma hannu ba tawada ba. Na fasa biro, na shafe babban yatsa, na danna da ƙarfi.

Mai ɗakina ta leƙo. "Malam, zaɓe ake yi?"

Na kira ɗiyata a waya, ta yi dariya har da tari. "Baba, goge wurin da tsumma. Abin kiran ne ke son a sabunta shi, sai da izinin mai kula da kwamfutar. Kai buɗewa kawai na ba ka, don komai ka gani sai ka latsa. Izinin yana yatsan Inna."

Inna ta goge hannu a zanenta, ta aza yatsanta mai lalle a hankali. Akwatin ya ɓace. Jim kaɗan sai ga jikarmu tana hamma, mu biyu muna ture juna gaban gilashi.

Bara waccan Allah Ya karɓi mai ɗakina. Ɗiyata ta maido izinin a hannuna, amma na hana ta goge yatsan uwarta. Duk sanda akwatin nan ya fito, sai na tuna abin da ta ce ranar tana wanke mini tawada, na yi kamar ban ji ba:

"Malam, in ba ni nan, wa zai buɗe maka?"